Daga Nassarawo Zuwa Bakin Binuwai: Yawon Wuni Guda na Iyalan Mubi

Garin Mubi, wanda shi ne na biyu a girma a Jihar Adamawa bayan Yola, yana zaune ne a gindin duwatsun Mandara da suka raba Nijeriya da Kamaru, kuma duk magidancin da ya tashi daga unguwar Nassarawo, ɗaya daga cikin mazaɓu goma na Ƙaramar Hukumar Mubi ta Kudu, da niyyar kai iyalinsa su ga teku, sai ya ci fiye da kilomita 1,000 a mota kafin ya isa Kalaba ko Duwala, tafiyar da zuwanta kaɗai kan cinye wuni har da dare, balle a je a dawo. Saboda haka irin yawon da iyalan Legas ke yi zuwa Badagiri, ko na mutanen Duwala zuwa Limbe, inda ake fita da hantsi a wuni a bakin teku sannan a dawo gida a kwana, ba ya cikin abin da mutumin Mubi ke sa wa rai. Abin da ya tsaya masa a madadin haka shi ne zuwa bakin Kogin Binuwai a Jimeta da Tafkin Geriyo da ke gefensa, kimanin kilomita 200 kudu maso yamma da Mubi. Wannan tafiya ta cancanci a dube ta da idon basira, domin a cikinta ne kuɗin mai da halin hanya da zaman lafiya da matsayin mata a gida ke haɗuwa su yanke hukuncin ko yaro zai tashi ya san ƙasarsa da idonsa, ko kuwa sai abin da malami ya zana masa a allo.

Akwai wani sha'ani game da ruwan Mubi da ba kasafai ake tsayawa a bayyana wa yara ba, alhali shi ne ke ba wannan tafiya ma'anarta. Kogin Yedzaram, wanda ya ratsa garin, yana tasowa ne daga duwatsun da ke kudu maso gabas, sannan ya miƙa arewa ta wajen Uba ya doshi ƙasar Bama a Jihar Borno, inda ruwansa ke shiga kwarin Tafkin Chadi, kuma shi Tafkin Chadi ba shi da mafita zuwa teku, ruwan da ya shige shi rana ce ke shanye shi ko ƙasa ta tsotse. Ke nan ruwan saman da ya zuba a kwanon gida a Nassarawo ba zai taɓa kaiwa teku ba. Amma kafin mota ta gama ratsa ƙasar Hong ta riga ta haye wani tudu da masana labarin ƙasa ke kira tudun raba ruwa, wato doron ƙasar da ruwan ɓangarensa guda ke gangarawa wata nahiya, na ɗaya ɓangaren kuma ya bi wata dabam. Daga nan rafuka irin su Kilange kudu suke yi su faɗa Binuwai, wanda ya taso daga tsaunukan Adamawa na Kamaru, ya yi tafiyar kusan kilomita 1,400 kafin ya haɗu da Kogin Kwara a Lakwaja, su gangara tare zuwa Tekun Atilantika. Yaron Mubi da ya tsaya a gaɓar Jimeta yana kallon ruwan da zai ƙare a teku, kuma ga mafi yawan yaran yankin wannan ne iyakar kusancinsu da teku har su girma.

Yawon wuni guda, wato fitar iyali daga gari don hutu da kallo ba tare da kwana ba, al'ada ce da ta bunƙasa a Ingila a ƙarni na 19, lokacin da jirgin ƙasa ya sauƙaƙa tafiya, ya kai garin Bilakful na bakin teku a 1846, sannan dokar ranakun hutun banki ta 1871 ta ba ma'aikata ranakun da za su fita da matansu da 'ya'yansu. Abubuwa uku ne suka haifar da ita a can, wato sufuri mai araha da ranar hutu tabbatacciya da garin da ya shirya karɓar baƙi. A ƙasar Hausa da ta Fombina kuwa, wato tsohuwar masarautar Adamawa, tafiya ta ginu ne a kan dalili, ko fatauci ko neman ilmi ko ziyarar dangi, kuma har gobe da wuya magidanci ya fito fili ya ce zai kashe kuɗi ya kai iyali su kalli ruwa kawai. Abin da akan ji shi ne za a je a gai da Goggo a Jambutu, ko a duba Kawu da aka yi wa aiki a asibiti, ko a kai wa ɗalibi kayan abinci a makaranta, sannan idan an gama wannan a biya ta bakin kogi yara su ba ido abinci. Tun da zumunci a ƙafa yake, babu mai zargin wanda ya yi asubanci don sada shi, kuma a ƙarƙashin inuwarsa ne yawon shaƙatawa ya samu gindin zama a gidajen da ba za su taɓa amincewa da shi da sunansa ba. Wannan tsari yana da alherinsa, domin iyali sukan samu masauki da ruwan alwala da wurin da mai goyo za ta kintsa, sai dai yana nufin gidan da ba shi da kowa a Yola kusan ba shi da hanyar zuwa.

Lokacin tafiyar ma yanayi ne ke zaɓar sa. Daga watan Agusta zuwa Oktoba Binuwai a cike yake maƙil, ruwansa ja ne mai ƙarfi, yana ɗauke da itatuwa da ciyayi, gaɓar da za a zauna ta nutse, kuma babu uban da ke cikin hayyacinsa da zai kai ƙananan yara kusa da shi. A watannin Maris da Afrilu kuma, lokacin bazara, zafin Yola kan wuce maki 40 a ma'aunin Salshiyas, abin da mutumin Mubi ke ji a jikinsa fiye da ɗan gari, saboda garinsa yana kan tudun da ya haura mita 500 daga doron teku, alhali kwarin Binuwai a Jimeta bai kai mita 200 ba. Abin da ya rage shi ne tsakanin Nuwamba da Fabrairu, lokacin da ruwa ya ja baya ya bar yashi fari fetal, iskar hunturu ta kwantar da zafi, amfanin gona ya shigo gida, hutun makaranta na ƙarshen shekara ya zo. Iyalan Kirista, waɗanda ke da yawa a Mubi cikin Gude da Fali da Margi da Kamwe da Kilba, sukan haɗa tafiyar da hutun Kirsimeti, Musulmi kuma da yawon Sallah, ko da yake Sallah na zagayawa da watan sama, ta yadda a wasu shekarun takan faɗo tsakiyar bazara ko cikin damina, a haƙura da bakin ruwa a tsaya ga gaishe-gaishe.

Kuɗi ne babban alƙali. Kafin ranar 29 ga Mayun 2023, ranar da aka sanar da janye tallafin man fetur, farashin gwamnati na lita guda bai kai naira 200 ba, ko da yake garuruwan kan iyaka irin su Mubi sun daɗe suna saye da tsada saboda fasa-ƙwaurin mai zuwa Kamaru. Cikin 'yan kwanaki farashin ya haura naira 500, kuma kafin ƙarshen 2024 ya wuce naira 1,000 a gidajen mai da dama. Motar gida da ke shan kimanin lita 10 a kowace kilomita 100 tana buƙatar lita 40 don zuwa Jimeta da dawowa, wato man da a da bai kai na naira 8,000 ba ya koma na naira 40,000 ko fiye a ƙarshen 2024, a ƙasar da mafi ƙarancin albashi, bayan ƙarin da aka yi a watan Yulin 2024, yake naira 70,000. Wanda ba shi da mota sai ya nufi tasha, ya biya kuɗin kujera a motar haya ko a bas ɗin Adamawa Sunshine na gwamnatin jiha, kuma a nan ne ake yin lissafin da duk uwa ta sani, wato wane yaro ne za a ɗora a cinya don kada a biya masa, wane ne ya yi girman da kamasho ba zai yarda ba. Wasu gidajen sukan haɗa kai, wa da ƙane ko maƙwabta biyu, su yi shatar mota guda, ma'ana su ɗauke ta baki ɗaya tare da direbanta na wunin, wanda ya fi tsada a dunƙule amma ya fi sauƙi idan an raba, kuma yana ba su ikon tsayawa inda suke so.

Wahalar shiri kuwa a wuyan mata take, kuma tun daren jajibiri ake fara ta. Uwargida da 'yan matan gidan sukan soya kaji ko nama a tsame shi ya bushe don kada ya lalace a zafi, a yi dambun nama idan da hali, a dama kunun gyaɗa, wanda Adamawa ta yi suna a kansa, a zuba a kula, a haɗa zoɓo a gorunan roba a kai gidan mai firji ya kwana ya yi ƙanƙara, sannan da asuba a dafa shinkafa dafa-duka a rufe ta da zafinta. A cikin but ɗin mota akan ga tabarmi biyu da buta da darduma da jarkar ruwan sha da kayan canji na yara da tsarabar da za a kai wa dangi, galibi gyaɗa ko wake ko man shanu. Ana idar da sallar asuba ake tashi, bayan an leƙa ɗakin tsohuwar gida, Dada ko Inna, an yi mata sallama, ta ce Allah ya tsare hanya, a gai da su Bappa, kuma a riƙe yara da kyau a bakin ruwa. Abin lura a nan shi ne matar da ta kwana a gaban murhu ita ce kuma za ta wuni tana raba abinci, tana goge majina, tana ƙirga kawunan yara, ta yadda hutun da ake cewa na iyali ne kan zame mata aikin gida da aka ɗauko aka kai wani gari. Magidantan da suka fahimci haka sukan sayi abincin rana a can, ko su ɗora wa samarin gida kula da ƙanana, kuma adalci ya nuna haka ya kamata.

Hanyar kanta darasi ce. Daga Mubi mota kan yi yamma zuwa Mararrabar Mubi, inda hanyar Michika da Madagali ta rabu ta yi arewa, sannan ta bi ta Hong, ƙasar Kilba mai duwatsu da gonakin gyaɗa, ta faɗa Gombi, mahaɗar da hanyar Garkiɗa da Biu ta ɓulla, inda direbobi kan tsaya a sha shayi a ci ƙosai. Daga nan sai Song, inda wasu duwatsu uku da ke jere kusa da juna kan sa yara leƙowa ta taga, sai Girei, inda Jami'ar Modibbo Adama take, sannan ƙasa ta fara gangarawa, iska ta yi nauyi, giginya ta yawaita. Tafiyar kan ɗauki awa uku zuwa huɗu, gwargwadon lafiyar kwalta da yawan shingayen jami'an tsaro, waɗanda suka ƙaru tun bayan rikicin Boko Haram. Idan aka tuna cewa a watan Yunin 1851 Bajamushen nan matafiyi, Heinrich Barth, wanda ya taso daga Kukawa ya biyo ta Uba da Mubi, sai da ya yi kwanaki masu yawa a kan doki kafin ya isa Binuwai ranar 18 ga watan, a inda Kogin Faro ke shigarsa, ya kuma shiga Yola bayan kwana biyu a zamanin Lamiɗo Lawal, za a ga cewa iya zuwa da dawowa tsakanin asuba da isha ni'ima ce ta kwanan nan.

Ganin farko daga kan gadar Jimeta ake yin sa, kuma a nan ne motar da ta cika da surutu kan yi tsit na ɗan lokaci. Yaron da ya saba da Yedzaram, wanda da rani ake tsallake shi da ƙafa, sai ya ga kogin da faɗin gadonsa ya kai idonsa ga gajiya, tsibiran yashi sun raba ruwan gida-gida, kwalekwale na yawo a tsakani, masu wanki sun shanya tufafi a kan rairayi, manyan motoci suna lodin yashin gini, shanu sun gangaro shan ruwa. Jimeta a yau gari ne babba mai hayaniya, amma asalinsa ƙaramar tashar jiragen ruwa ce da ta tsiro a gefen Yola, birnin da Modibbo Adama ya kafa a 1841. Kamfanin Royal Niger ya yi ciniki a wannan gaɓa tun kafin sojojin Ingila su ci Yola a watan Satumban 1901, kuma bayan haka, shekara da shekaru, jiragen kamfanonin Turawa irin su John Holt kan hauro daga bakin teku a watannin cikar ruwa kaɗai, su sauke gishiri da yadi da kananzir, su ɗebi gyaɗa da auduga da fatu, wasu su zarce har Garwa a Kamaru. Gyaɗar da kakannin yaran Mubi da Hong suka noma ta wannan ruwa ta bi ta fita duniya. Hanyoyin mota da cikewar kogin da yashi sun kashe wannan zirga-zirga, kuma abin takaici ne cewa iyalin da ya zo yau ba zai samu ko allo guda a bakin ruwan da ke ba shi wannan labari ba, sai idan an yi sa'ar wani dattijo a cikin tafiyar.

Mafi yawan iyalai sukan fi son Geriyo a kan gaɓar kogin, saboda ruwansa a kwance yake. Geriyo tafki ne da ke bayan garin Jimeta, wanda ambaliyar Binuwai ke cikawa da damina, kuma da rani kewayensa kan zama kore shar da shinkafa da masara da alayyafo da albasa da tumatir, a ƙarƙashin shirin noman rani na Hukumar Raya Kogin Binuwai ta Sama, wadda aka kafa cikin hukumomin raya koguna na 1976, mai hedikwata a Yola. Da hantsi masunta ke dawowa. Ana jawo kwalekwale zuwa gaɓa, a juye kamun a kan buhu ko cikin daro, mata masu saye su kewaye, kuma a nan yaro ke ganin kifi da ransa kafin ya zama gutsure a miya: tarwaɗa mai gashin baki da santsin jiki tana bugun daro da jela, karfasa mai ƙaya a gadon baya, ƙurungu da ke yin ƙara idan an kama shi, ragon ruwa, da giwan ruwa idan an yi sa'a, wanda shi ne mafi tsada. Masunci kan zauna a gefe yana ɗinke kalli, wato ragar da ake shimfiɗawa a ruwa ta kwana kifi ya maƙale a idanunta, wani kuma yana tsaye cikin ruwa iya gwiwa yana wurga birgi, ragar hannu mai darma a bakinta da ke buɗewa a sama ta faɗa ta rufe abin da ke ƙasa. Ciniki da Hausa ake yi ana surka Fulatanci, mai saye ta ce Hajiya a rage, mai sayarwa ta ce albarka, a ja a ja har a daidaita, sannan a kai wa mai suya ta fere shi ta soya nan take, a barbaɗa yaji a ci da zafinsa a kan tabarma.

Daga nan ne yara kan fara roƙon a shiga kwalekwale, kuma a wannan gaɓa ce ya wajaba a yi magana ba tare da sassauci ba. 'Yan fito, wato masu sana'ar ƙetarar da mutane da kaya, sun san ruwansu, amma jirginsu an sassaƙa shi ne don aiki, kuma sau da yawa babu rigar kariya ko guda a ciki, wato rigar nan mai kumfa da ke hana mutum nutsewa. A watan Satumban 2023, cikin 'yan kwanaki kaɗan, kwalekwale biyu sun kife a Jihar Adamawa, ɗaya a Tafkin Njuwa kusa da Yola, ɗaya a Gurin ta Ƙaramar Hukumar Fufore, aka yi asarar rayuka, cikinsu har da mata da yara. Hukumar Kula da Hanyoyin Ruwa ta Ƙasa ta daɗe da hana lodin da ya wuce kima da tafiyar dare da shiga jirgi ba rigar kariya, sai dai doka a takarda ba ta ceton wanda ya faɗa ruwa. Mutanen Mubi, waɗanda galibinsu ba su iya iyo ba saboda ba su tashi a bakin babban ruwa ba, sun fi kowa shiga haɗari, kuma uban da ya hana 'ya'yansa shiga jirgin da babu riga, ko da sun yi kuka, ya yi daidai. Haka nan yashin da ke kama da tudu a tsakiyar kogi yakan zarce rami farat ɗaya, sannan tun da aka gama madatsar ruwa ta Lagdo a Kamaru a 1982, hawa da saukar Binuwai ba ga ruwan sama kaɗai suka dogara ba, kamar yadda ambaliyar 2012 da ta 2022 suka nuna, yayin da madatsar Dasin Hausa da aka tsara ginawa a ɓangaren Nijeriya don tare rarar ruwan har yau ba a gina ta ba. Akwai kuma haɗarin da ba a gani da ido, wato tsargiya, cutar fitsarin jini da ƙwayarta ke rayuwa a jikin dodon koɗi a ruwan da ke kwance, ta shiga fatar mai wanka ba tare da ya ji ba, sai bayan makonni alamarta ta bayyana. Barin yara su yi wanka a tafki don kawai ruwan bai yi zurfi ba kuskure ne da iyaye da yawa ke yi cikin rashin sani.

Idan azahar ta yi, matafiya Musulmi suna da sauƙin da shari'a ta ba su, domin nisan ya zarce mil 48 da mazhabar Malikiyya ta gindaya don yin ƙasaru, wato mayar da sallah mai raka'a huɗu zuwa biyu, sai dai wanda ya bi limamin gari yakan cika tare da shi. Maza kan samu masallacin masunta ko su shimfiɗa darduma a kan yashi. Mata ne ke shiga tsaka mai wuya, kuma a nan ne gibin wurin ke fitowa fili. Babu isassun rumfunan da iyali za su zauna a inuwa, babu makewayi mai tsabta da mace za ta shiga cikin sutura, babu wurin da aka keɓe aka auna zurfinsa aka ce nan yara za su iya wasa, babu mai gadin ruwa da aka ɗora wa ceto, kuma ledoji da gorunan roba sun mamaye gaɓa. Waɗannan abubuwa ba sa buƙatar otal mai hawa goma ko baƙi daga Turai, aiki ne da ƙaramar hukuma da sarkin ruwa, wato shugaban masunta na gargajiya, da ƙungiyar 'yan fito za su iya ɗauka a tsakaninsu, a riƙa karɓar ɗan abin da bai taka kara ya karya ba a ƙofa don biyan masu shara da sayen rigunan kariya. Duk lokacin da ake maganar bunƙasa yawon buɗe ido a jihar, hankali kan tafi ga baƙon da zai zo da dala, alhali baƙon da ke zuwa a zahiri shi ne malamin firamare daga Nassarawo da matarsa da 'ya'yansa biyar, kuma rashin makewayi kaɗai ya isa ya sa matar ta ce ba za ta sake zuwa ba.

Za a iya tambayar dalilin da ya sa ake wannan doguwar tafiya alhali akwai wuraren kallo kusa da Mubi. Amsar tana cikin tarihin shekarun baya-bayan nan. A ƙarshen Oktoban 2014 mayaƙan Boko Haram suka kama Mubi, jama'a suka watse, wasu suka haye duwatsu zuwa Kamaru, wasu suka bi wannan hanya ta Hong da Gombi a ƙafa, kuma ko da yake an ƙwato garin a watan Nuwamba, tsoron arewacin yankin bai gushe ba. Sukur da ke ƙasar Madagali, mai fadar Hidi, wato sarkinta, da hanyoyin da aka shimfiɗe da dutse da gonakin da aka sassaƙa a jikin tsauni hawa-hawa, wadda a 1999 ta zama wuri na farko a Nijeriya da hukumar UNESCO ta sa cikin kayan tarihin duniya, ta fi Yola kusa nesa ba kusa ba, amma ita ma an kai mata hari a wancan lokaci, kuma iyaye da yawa har yanzu suna ɗari-ɗarin kai yara can. A ƙetaren iyaka ta Sahuda akwai duwatsun Rumsiki na ƙasar Kapsiki, 'yan'uwan Kamwe, da kwazazzabon Kola kusa da Gidar, sai dai Kamaru ba ta cikin ƙungiyar ECOWAS, don haka batun takardu yana nan, kuma faɗuwar darajar naira a gaban sefa, kuɗin Kamaru, tun daga 2023 ta tsawwala komai. Madatsar Kiri da ke ƙasar Shelleng, wadda aka kammala a 1982 a kan Kogin Gongola don shayar da gonakin rake na kamfanin sukari na Savannah, da garin Numan inda Gongola ke haɗuwa da Binuwai, sun fi kama da garin bakin ruwa irin Badagiri ko Limbe, amma nisansu daga Mubi ya fi ƙarfin wuni guda, kuma Kiri na da dorinar ruwa da ke kai wa masunta da manoma hari. Akwai kuma wani dalili da ba a cika faɗa ba, wato gidajen Mubi da yawa sun yi zaman gudun hijira a Jimeta da Yola a 2014, wasu a sansani, mafi yawa a gidajen dangi da na mutanen da ba su taɓa sani ba, kuma zumuncin da aka ƙulla a wancan ƙunci yana cikin abin da ake zuwa sadarwa a yau.

Dole ne a bar bakin ruwa da wuri, domin babu direban da ke son dare ya riske shi tsakanin Gombi da Mararraba, saboda haka kafin la'asar ta yi sanyi an naɗe tabarmi, an karkaɗe yashi daga kan yara, an biya an yi sallama da dangi. Ɗanyen kifi ba ya jure awa huɗu a mota sai da ƙanƙara mai yawa, shi ya sa tsarabar da ta fi tafiya ita ce banda, wato kifin da aka ƙyafe a kan hayaƙi ya bushe, wanda ake naɗewa a takarda a sa a kwali, a ƙara da kankana ko rake ko masarar noman rani idan lokacinta ne. Rabon wannan tsaraba yana da ƙa'idarsa a Nassarawo kamar a kowace unguwa, domin ana fara cire na tsohuwar gida, sai na kishiya ko facalar da ta zauna tsaron gida, sai na maƙwabciyar da aka kai wa zoɓo firjinta, sannan abin da ya rage ya shiga tukunyar gidan, inda yakan yi kwana biyu ko uku ana jin sa a miyar kuka ko ta yakuwa.